Idan Hankali Ya Ƙi Zama Wuri Ɗaya: Jagora ga Manya Masu ADHD

Akwai telan da zai karɓi ɗinkin Sallah tun farkon azumi, ba zai taɓa almakashi ba sai daren jajibiri, sannan ya kwana a kan keke ya fitar da aikin da kowa zai yaba. Akwai matar da za ta ɗora miya ta leƙa maƙwabta aron rariya, sai ƙauri ya dawo da ita. Akwai ma'aikacin da ya fi kowa a ofis gane aiki, amma kullum takardarsa ce ta ƙarshen isa teburin shugaba. A arewacin Kamaru, daga Ngaundere har Kusiri, hukuncin da ake yanke wa irin waɗannan mutane ɗaya ne: shiririta, ragwanci, rawar kai, in abin ya yi tsanani a ce sammu ne. Wasu daga cikinsu, ba duka ba, suna fama ne da abin da likitoci ke kira ADHD, wanda likitan da ya yi karatu da Faransanci zai rubuta maka TDAH. Yanayi ne na ginuwar ƙwaƙwalwa tun yarinta, mai sa tsayar da hankali, da danne abin da rai ya so nan take, da kiyaye lokaci, su yi wa mutum wuyar da ba sa yi wa sauran jama'a.

Ba wayar hannu ce ta kawo shi ba. Wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Crichton, ya siffanta irin wannan rashin natsuwa tun 1798, George Still kuma ya yi laccoci a kansa a Landan a 1902. Binciken da aka tattaro daga ƙasashe da dama ya nuna kusan yara 5 cikin 100 ke da shi, manya kuma 2 zuwa 3 cikin 100. Nazarin tagwaye ya nuna gado ne ke da kaso mafi tsoka, sama da kashi 70 cikin 100, shi ya sa uba ko uwa kan gane kansu ranar da aka kai ɗansu asibiti.

Mai ADHD ya san abin da ya kamata ya yi. Nasiha kam ya sha ta har ta ginshe shi. Inda ƙafarsa ke zamewa shi ne tsakanin sani da aikatawa, daidai lokacin da aikin ya zo. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai tsara aiki da taka wa mutum birki, yana dogara da sinadaran dofamin da noradirenalin, kuma a wurin mai ADHD saƙonsu ba ya tafiya yadda ya kamata, musamman in aikin ba shi da daɗi ko ladansa na nesa. Masanin nan ɗan Amurka, Russell Barkley, wanda ya shafe shekaru yana nazarin lamarin, shawararsa ita ce a daina dogara da abin da ke cikin kai, a fito da tunatarwa da lokaci da lada waje, a ajiye su a wurin da za a yi aikin. A kan wannan aka gina duk matakan da ke tafe. Mu a nan ma muna da sa'a: kiran salla, da zaman majalisa, da adashi, da gayya, duk tsare-tsare ne da ke wajen kan mutum, an riga an kafa su, saura a yi amfani da su da gangan.

Mataki na farko: ka tabbatar da abin da ke damunka

Kowa na mantuwa, kowa na jan ƙafa. Ƙa'idar da likitoci suka fi bi, ta kundin DSM-5 da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, tana da sharuɗɗa: alamun sun fara kafin shekara 12, sun daɗe aƙalla wata 6, suna bayyana a wuri fiye da ɗaya, kuma suna yi wa rayuwa ɓarna ta gaske. Ga wanda ya kai shekara 17, ana neman alamu 5 cikin 9 na rashin tsayar da hankali, ko 5 cikin 9 na rashin zama da garaje. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi a kundinta na ICD-11 da ya fara aiki a Janairun 2022.

Sharaɗin shekara 12 ɗin nan yana da nauyi a yankinmu, domin abubuwa da yawa na kama da ADHD alhali ba shi ba ne. Wanda rikicin Boko Haram ya raba da gidansa a wajen Kolofata ko Mora, tun daga ranar hankalinsa ya daina zama, firgici ke damunsa, kuma maganinsa daban. Haka ƙarancin jini, da cutar maƙoƙo, da baƙin ciki mai tsanani, da rashin barci, da shan Tramol. Saboda haka kafin ka nufi asibiti, ka fara da wadda ta raine ka. "Inna, lokacin da nake makarantar allo, ina zama kuwa? In kin aike ni, ina dawowa da abin da kika ce?" Ka nemo tsofaffin takardun sakamako na firamare in suna nan, don abin da malamai suka rubuta a gefe shaida ne. Akwai kuma gajeren gwaji mai suna ASRS da aka shirya tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, sashensa na farko tambaya 6 ne, ana samunsa a intanet da Faransanci da Larabci. Ba ya yanke hukunci, yana dai nuna ko ya kamata a ga likita.

Ka je babban asibitin yankinku, na Garwa ko Marwa ko Ngaundere, ka tambayi mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Ƙwararru a wannan fanni kaɗan ne a arewa, yawancinsu na Yawunde da Duwala, don haka ana iya tura ka kudu, misali Asibitin Jamot da ke Yawunde. Ka tafi da misalai a rubuce, don a gaban likita za su gudu daga kanka. Ke kuma 'yar'uwa, kada ki janye don an ce ciwon yara maza ne. Yarinya mai ADHD sau da yawa shiru take, jikinta na aji hankalinta na wani wuri, ba wanda ya lura sai aure da 'ya'ya sun tara mata ayyukan da suka fi ƙarfin dabarunta.

Magani akwai shi, kuma yana taimaka wa da yawa. Wanda aka fi sani shi ne metilfenidet, mai sunan kasuwa Ritalin, yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, samunsa a nan da wuya, kuma sai likita ya auna hawan jini da bugun zuciya kafin ya rubuta. Akwai atomoksetin, wanda sai an yi makonni ana sha kafin a ga aikinsa. Abin da mai tallan magani a bakin tasha zai ba ka da sunan maganin natsuwa, kada ya shiga bakinka. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna. Sauran matakan kuma suna aiki da magani ko babu.

Mataki na biyu: littafi guda

Ka sayi ƙaramin littafin rubutu da zai shiga aljihu, ka ɗaure masa biro da zare. Guda ɗaya tak. Alkawari, bashi, awon mai kaya, saƙon da maigida ya bayar, dabarar da ta faɗo maka a kan mashin, duk a cikinsa, da boko ko da ajami ko da Faransanci, yadda hannunka ya fi sauri. Dokar ita ce a rubuta a gaban mai magana. "Alhaji, dakata in rubuta" ba abin kunya ba ne, shi kansa Alhajin hankalinsa zai fi kwanciya. Wanda ba ya rubutu ya tura wa kansa saƙon murya a WhatsApp, ya ware lokaci ɗaya a rana na saurare. Na fi son takarda a kan waya, domin wanda ya buɗe waya don duba jerin ayyuka yakan farka bayan rabin awa yana kallon bidiyo.

Kowace safiya ka zaɓi ayyuka uku daga littafin, ka rubuta su a sabon shafi. Uku, ba goma ba. Jerin goma shaida ce kawai da za ka tara a kan kanka kafin magariba.

Mataki na uku: ka rataya ranarka a jikin salloli

Mai ADHD ba ya jin wucewar lokaci a jikinsa. A wurinsa lokaci biyu ne, yanzu da ba yanzu ba. "Ƙarfe huɗu" magana ce maras nauyi har sai huɗun ta wuce. Amma kiran salla yana shigowa kunne ko kana so ko ba ka so, sau biyar a rana, ba ya buƙatar caji, ba ruwansa da ɗauke wuta. Har wanda ba Musulmi ba, in dai yana zaune a Marwa ko Njamena, yana iya amfani da shi a matsayin agogo.

Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan Jamus, Peter Gollwitzer, ya nuna cewa niyyar da aka ƙulla da siffar "idan kaza ya faru, zan yi kaza" ta fi cika a kan niyyar da aka bari sake. To ka ƙulla naka. Idan na sallame sallar asuba, kafin in taɓa waya, zan buɗe littafi in zaɓi ayyuka uku. Idan na ji kiran azahar, zan duba wanne ya rage. Idan na dawo daga la'asar, zan kira mutanen da na yi wa alkawari. Idan na idar da isha, zan haɗa kayan gobe a bakin ƙofa. Kada ka kafa huɗun a rana ɗaya. Ka fara da na asuba, sai ya yi mako biyu yana tafiya sannan ka ƙara na isha. Wanda ya ɗauki duka a tashi ɗaya, da zumuɗin da muka saba, kafin Juma'a ya watsar.

Tsakanin asuba da hantsi shi ne lokaci mafi tsada a rana, musamman a watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Garwa da Kusiri. Aikin da ya fi ci maka rai, lissafin shago ko rubuta rahoto ko yankan yadi, a nan wurinsa yake. Bayan azahar ka bar wa aikin da hannu ke yi ba sai da kai ba.

Sai maganar makara. Ƙararrawar waya ba a lokacin taro ake saita ta ba, a lokacin sa takalmi ake saitawa, da wata kafin ita da minti 15 ta fara shiri. Duk abin da ranka ya ce zai ci minti 20, ka ba shi 40. In kana shakka, ka auna: ka duba agogo da ka fita daga gida, ka duba da ka isa kasuwa, ka rubuta. Lambar da za ka gani ita ce gaskiya, ba wadda ke kanka ba. Ka kuma rataya agogon bango mai hannu inda kake aiki, don ganin hannun yana tafiya ya fi lambobin waya nuna cewa rana na ƙarewa.

Mataki na huɗu: yadda ake farawa

Ƙwazon mai ADHD kamar Mayo Kaliyawo na Marwa yake: da damina ya cika ya tumbatsa, sauran shekara yashi. Wanda ya ce sai ƙwazo ya zo zai yi aiki, zai daɗe yana jira. Abin da ke tayar da irin wannan ƙwaƙwalwa sananne ne: abu ya zama sabo, ko mai ban sha'awa, ko na gaggawa, ko akwai mutum a kusa. Muhimmancin aiki shi kaɗai ba ya tayar da ita. Dabara ita ce ka ɗauko ɗaya daga cikin huɗun nan ka liƙa wa aikin da kake gudu.

Da farko ka yanka aikin har ya zama abin da hannu zai iya yi yanzu. "Sabunta katin ɗan ƙasa" ba aiki ba ne, tulin ayyuka ne, shi ya sa ya yi wata shida a littafi. Aikin shi ne "ciro takardar haihuwa daga akwati". In ka ji har yanzu jikinka ya yi nauyi, ba ka yanka da kyau ba, ƙara yankawa. Sannan ka yi wa kanka alkawarin minti kaɗan. Wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da tsarin minti 25 na aiki da 5 na hutu a ƙarshen shekarun 1980, kuma ya karɓu a duniya. Ga da yawa daga masu ADHD 25 ta yi tsawo a farko. Ka sa 10. In ƙararrawa ta kaɗa kana da izinin tashi, amma sau da yawa za ka tarar ba ka son tashin, don farawar ce dama ke da wuya. Hutun kuma a yi shi a tsaye, a sha ruwa, a zaga tsakar gida. In aka yi shi a waya, ba a dawowa.

Dabarar da na fi yarda da ita ita ce zama kusa da wani. Ba sai ya taya ka ba, ba sai ya yi magana ba. Ka ɗauki lissafinka ka je shagon abokinka yana nasa kana naka. Ɗalibin Jami'ar Marwa ko ta Ngaundere ya bar ɗaki ya je inda wasu ke karatu. Uwargida ta kira ƙanwarta ta zauna a kan tabarma tana tsinke zogale, ita kuma tana gyaran ɗakin da ta yi wata tana kallo. Mutanenmu da suka kafa gayya sun san aikin da ya gagari mutum shi kaɗai yakan yi sauƙi a idon jama'a.

Gaggawa ma ana iya ƙirƙirar ta. Tela ya ce wa mai kaya, "Hajiya, ki zo ranar Laraba ki gwada," alhali Sallah saura mako uku. Ma'aikaci ya ce wa shugabansa, "Ranka ya daɗe, zan kawo rabin farko ranar Talata ka duba." Wa'adin da ka sa wa kanka a zuci ba ya cizo, sai wanda wani zai zo karɓa. Akwai kuma kishiyar matsalar: in abu ya kama ran mai ADHD, yakan nutse awa biyar, ya manta ci da salla da ɗauko yara. Wannan baiwa ce in an yi mata shinge. Kafin ka shiga, ka sa ƙararrawa nesa da hannunka, ko ka ce wa yaron shago ya taɓa kafaɗarka in an kira salla.

Mataki na biyar: kowane kaya da mazauninsa

Ƙusa ɗaya a bakin ƙofa ta makulli. Kwano ɗaya na waya da katin shaida da kuɗin mashin. Abin da ido bai gani ba, a wurin mai ADHD babu shi, don haka maganin da ake sha kullum a ajiye shi kusa da butar alwala, inda yara ba sa kaiwa, ba a ƙasan akwati ba. In kin ɗora tukunya a gas ko a gawayi kuma dole ki fita daga madafa, ki tafi da ludayin a hannunki. Shi zai tuna miki.

Mataki na shida: kuɗi

Garaje ya fi yin ɓarna a aljihu. Kuɗin da ke cikin Orange Money ko MTN MoMo, ko Airtel Money ga na Cadi, danna huɗu ne tsakaninsa da fita. Ranar da albashi ko cinikin albasa ya shigo, a ranar za a biya haya, a sayi buhun hatsi, a ware kuɗin makaranta, kafin a zauna. Abin da ya rage ne naka. Adashi ya dace da mai ADHD ƙwarai, domin uwar adashi za ta zo, kuma kunyar jama'a na yin aikin da niyya ta kasa. Sai dai ka shiga wanda zubinsa bai kai ƙarfinka ba, kada ɗokin ranar farko ya sa ka ɗauki hannu biyu.

Duk abin da ya haura wani adadi da ka yanke, a ce sefa 10,000, sai ya kwana. Ka rubuta shi a littafi, in gari ya waye kana so, ka saya. In za ka shiga kasuwar Litinin ta Marwa, ka tafi da jerin kaya da kuɗinsu daidai, sauran ka bar shi a gida. Cacar ƙwallo ta waya kuwa, an gina ta ne a kan lada mai sauri da rashin tabbas, abubuwan da suka fi kama irin wannan ƙwaƙwalwa. A nan babu maganar ragewa. Goge ta, ka kuma gaya wa wani amintacce ka goge.

Mataki na bakwai: barci, shayi da gumi

Manya masu ADHD da yawa agogon jikinsu na jinkiri, sai dare ya raba idonsu ke bushewa, ga asuba ba ta jira. Rashin barci kuma yana ninka kowace alama. Sinadarin kafeyin da ke cikin shayi da kofi da goro yakan ɗauki kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka shayin majalisa na bayan isha yana nan a jininka har tsakar dare. Ka je majalisar, zaman na da amfani, amma kofinka na ƙarshe ya kasance kafin la'asar. Waya ta kwana a caji nesa da shimfiɗa. Ƙailula ta minti 20 bayan azahar tana gyara yamma.

Tramol, wanda ya yaɗu tsakanin 'yan kilando, wato masu haya da mashin, da masu aikin ƙarfi, dangin magungunan kashe raɗaɗi ne masu kama jiki, yana jawo farfaɗiya in ya yi yawa, kuma mai ADHD ya fi saurin faɗawa shaye-shaye. Wanda ya riga ya shiga, ya gaya wa likita gaskiya, don barinsa farat ɗaya na da wahala. Wani bincike da aka yi a Denmark kan mutane kusan miliyan 2, aka wallafa a 2015, ya gano haɗarin mutuwar wuri ya ninka a wurin masu ADHD, kuma haɗurra ne kan gaba. Hular kwano da barin waya a aljihu a kan mashin ba ƙaramin abu ba ne a gare ka.

Motsa jiki na ɗan daidaita hankali na wasu awanni bayansa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 a mako. Tafiya da sauri bayan asuba ta wadatar, in da abokin tafiya da zai ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Mataki na takwas: abin da kake yi don daɗi

Wasu za su ce wanda bai gama aikinsa ba ina shi ina wasa. Ban yarda ba. Mutumin da ya girma yana jin "ba ka da amfani" yana buƙatar wuri ɗaya a rayuwarsa inda yake ganin hannunsa ya iya abu. Daga nan ƙarfin fuskantar sauran ke fitowa.

Abin sha'awar da ya dace da mai ADHD yana da alamu: hannu ko jiki na motsi, ana ganin sakamako da wuri, akwai mutane, kuma shigarsa ba tsada. Marwa gari ne na majema da dukawa, kuma ɗinka ƙaramar jakar fata aiki ne da za ka fara da hantsi ka riƙe shi a hannu da yamma. Ɗinkin hula, saƙa, kitso, zanen lalle, gyaran waya ko rediyo, duk suna cikin wannan sahu. Ɗan lambu a bayan gida, na alayyafo ko yakuwa, yana nuna canji kusan kowace safiya. Dara tana koyar da dakatawa kafin a ɗaga hannu, a cikin raha. Ƙwallon unguwa da yamma ta haɗa gumi da jama'a da lokaci tsayayye. Mai son komawa karatun Alƙur'ani kuma ya gwada allo: rubutu da hannu, karatu da murya, yanki kaɗan, da malamin da ke jiran a kawo hadda. Tsarin ya fi dacewa da kansa a kan zama shiru da littafi. In ya ga yana riƙewa da kyau yana zagaya tsakar gida, ya zagaya.

Tarkon shi ne zumuɗin farko. A mako ɗaya an sayi kayan aiki na sefa 50,000, a na uku suna ƙarƙashin gado, ga kunya ta ƙaru. Saboda haka a fara da aro. Ka zauna wurin mai sana'ar, ka yi wata guda da kayansa, in har yanzu ranka na so, ka sayi mafi arha. In sha'awar ta mutu kuma, ba laifi ka yi ba. Ka riƙe abubuwa biyu ko uku kana juyawa, in wannan ya gundure ka ka koma wancan, yawanci tsohon kan dawo da daɗinsa bayan watanni. Banda mai rai: tattabarai da tumaki ba sa jiran sha'awa ta dawo, kada ka fara kiwo sai da wanda zai ba su ruwa ranar da ka manta.

Ka kuma yi amfani da daɗin a matsayin lada na kusa. Lissafin mako ya kammala, sai a tafi filin wasa na Rumde Ajiya a Garwa kallon ƙwallon Coton Sport. Wanki ya ƙare, sai a zauna zanen lalle. Ladan da zai zo bayan wata shida ba ya motsa mai ADHD, na bayan la'asar shi ke motsa shi. Kuma ba kowane abin sha'awa ake mayarwa sana'a ba. Da zarar masu kaya sun fara jira, ya koma cikin jerin abubuwan da ake gudu. Ka bar ɗaya wanda ba ka bin kowa, ba mai bin ka.

Mataki na tara: mutanen gida

Matar mai ADHD ko mijinta sun gaji, kuma gajiyarsu gaskiya ce. Wanda aka manta da saƙonsa sau goma zai ɗauka raini ne. A zaɓi lokacin da ba a cikin faɗa, a yi bayani, a kuma nemi abu takamaimai. "Maman yara, in za ki ba ni saƙo, ki bari in ajiye waya in dube ki, ki faɗi ɗaya, in maimaita miki." Ko kuma, "Maigida, in ka ga na tsaya a tsakiyar aiki, ka ce mini 'tukunya' kawai, ba sai ka haɗa da faɗa ba." A raba ayyuka bisa abin da kowa ya iya: wanda ya fi riƙe lissafi ya riƙe, ɗayan ya ɗauki zirga-zirga da gyare-gyare. ADHD bayani ne, ba ya ɗauke nauyi. In ka saɓa alkawari ka ba da haƙuri, ka faɗi abin da za ka canza a tsarin.

Saurin fushi da saurin jin ciwon magana suna yawan tafiya da wannan yanayi. Koyarwar da muka taso da ita, mai fushi in yana tsaye ya zauna, ko ya yi alwala, tana ba da daidai abin da ake buƙata, wato 'yan mintuna tsakanin jin abu da mayar da martani. Saƙon da ka rubuta cikin fushi, kada ya tafi sai bayan salla ta gaba. Ba kuma kowa za ka gaya wa halin da kake ciki ba. A wurin aiki ya isa ka ce, "Na fi yin aiki da kyau in an rubuta mini."

Ranar da tsarin ya wargaje

Zai wargaje. Biki, rasuwa, zazzaɓi, tafiya Ngaundere kama jirgin ƙasa, ko kawai littafin ya daina burge ka. Kada ka tsaya lissafin kwanakin da suka zube, ka buɗe sabon shafi ka rubuta ayyuka uku na yau. In gundura ce, canza biro, canza wurin zama, canza sautin ƙararrawa, don ƙwaƙwalwar nan takan daina jin abin da ta saba da shi. Ka ware rabin awa a mako, bayan Juma'a ko safiyar Lahadi, ka zauna da mutum ɗaya da ka amince da shi, ku duba abin da ya tafi da abin da ya tsaya, ku sauya abu ɗaya kawai. In ka lura baƙin ciki ya kwanta maka makonni, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, wannan ya wuce maganar littafi, ka ga likita a ranar, ka kuma gaya wa wani na kusa.

Azumi na buƙatar nasa shiri, domin barci da ci duk suna sauya wuri. Tun a Sha'aban ka rage ayyukan rana daga uku zuwa biyu, ka mayar da mai nauyin bayan asuba, ka kuma yanke adadin ɗinki ko odar da za ka karɓa, ka rubuta lambar a bangon shago inda masu kaya za su gani. Mai shan magani ya tambayi likitansa yadda zai sauya lokacin sha kafin a ga wata, domin metilfenidet da aka sha bayan buɗa-baki yana iya hana barci har sahur.